Awa Shida da Rabi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa sanyin can bai taɓa maka ƙirji ba. Mu muna nan. Inna tana ɗan taɓa abinci, Auta ta koma makaranta, ni kuma ina gareji ƙarƙashin motocin mutane.

Wata biyu ke nan da rasuwar Baba, wata biyu ba ka ɗaga wayata. To ga takarda, ita ba a katse ta. Na san abin da ke ranka, don Kawu ya gama zaga dangi da shi, wai karatuna na tsince-tsince ne ya hana ka ganin mahaifinka. Kawun da sau ɗaya ya leƙo asibiti, ya tsaya bakin ƙofa yana toshe hanci! Abin haushin shi ne, gaskiya ya faɗa.

Ga yadda aka yi. Wani ya bar mujallar kamfanin jirgi a motar da nake gyara. A bayanta akwai taswira, an ja jan layi daga garinmu zuwa naku, an rubuta kilomita dubu biyar da ɗari biyu, awa shida da rabi. Na haddace. Shi ya sa da Baba ya kwanta asibiti, ka bugo kana tambaya ko ka taso, na ce ka dakata. Hutunka ɗaya ne a shekara, na so ka kashe shi lokacin da Baba ya fi bukatarka. Har na ce wa Baba ka fi Gwaggo kusa da mu, tunda ita sai ta yi awa tara a mota. Ya yi dariya, ya ce in dai ni na karanta, to haka ne.

Ranar Laraba da safe likita ya ja ni gefe ya ce jikin Baba ya tsananta, na kira ka. Sai a ofishin tikiti ma'aikaciyar ta gaya mini, tana gyaran farce, wai jirgi mai zuwa kai tsaye Talata da Asabar kawai yake tashi, sauran sai an kwana a wani gari. Ba wanda ya rubuta wannan a gefen jan layin. Ba a rubuta cewa maigidanka na wurin aiki sai ya sa hannu ba. Ni ma da nake ganin na fi kowa kai, ban tambaya ba.

Abin da ba ka sani ba, tun da safen nan Baba ya sa na yi masa aski, na canza masa riga, wai kada ka same shi a hargitse da la'asar. Na kasa gaya masa ba za ka iso ranar ba. Duk takalmin da ya ji a baranda sai ya juya kai. Da rigar ya cika ranar Alhamis, kana zaune a filin jirgin wasu mutane. Ka iso, ka yi kwana huɗu, ko kallona ba ka yi ba.

Ka zage ni, Yaya. Ka san bakina, zan rama, mu huce. Shirun nan ne ba na iyawa.

Amma ba don kaina na rubuto ba. Ƙafafun Inna sun fara kumbura, tana haki in ta hau matakala. Likita ya ce ba abin tsoro ba ne. Wataƙila haka ne. Ni dai na daina yanke wa kowa lokaci. Ka zo ka gan ta tana tafiya da ƙafarta. In ganina ne ba ka so, zan koma gareji da kwana har ka tafi.

Inna, Gwaggo da Auta suna gaishe ku. Ka shafa mini kan yara.

Ƙaninka,
mai bakin nan.