Maƙwabcinku Mai Kare Ya Faɗi Zaɓe

Rogo Ruma,
Yuni, 2019.

Zuwa ga 'yata Ummu Hani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Bahauddeen da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan an yi Sallah lafiya, ruwa ya sauka, kawunki Falalu har ya gama shukar gyaɗa. Ƙafata ce dai take taɓa ni, amma da sauƙi.

Dalilin wannan takarda shi ne labarin da Falalu ya kawo mini ran kasuwar Karaye. Ko sauka daga babur bai gama yi ba ya ce Bahauddeen ya bugo masa waya, wai an yi zaɓen majalisar Denmark kashegarin Sallah, kuma jam'iyyar nan mai ƙin baƙi ta zube daga kujera talatin da bakwai zuwa goma sha shida. Na ce ya bar lissafin kujeru, ya gaya mini sakamakon maƙwabcinku mai kare da ya tsaya takara. Ya ce ai bai ko kusa ba, ya faɗi warwas. Ummu Hani, ina tsakar gida da muciya a hannu na rangaɗa guɗa, har maƙwabciyata Barira ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Ke kika yafe masa, ni ban yafe ba. Na tsallake teku don in zauna miki jego, mutumin nan ya ɗauke ni hoto ina tura Sadiƙa a keken yara, ya kai ƙara wai aikin raino nake yi ba izini. Jikata! Aka tsare ni a ofis yini guda ana yi mini tambayoyi kamar ɓarauniya, aka ɗora ni a jirgi saura kwana tara ki haihu. Kika yi naƙuda ba uwa a kanki, ba mai dama miki kunu. Sannan ya hau mumbari yana alfahari da ni don neman ƙuri'a. Ga angona Ikrima ya shekara biyu, har yau a gilashin waya kawai na san shi.

Malam Sulle na unguwarmu ya ce mini murna da faɗuwar mutum ba halin mumini ba ne. Na ce masa na ji, zan yi istigfari, amma sai na gama murnar tukuna. Washegari na soya ƙosai na raba wa unguwa.

Ga abin da nake so ki yi mini, kada ki ce kunya. Ki sa wa Ikrima babbar rigar da na aiko, ki riƙe hannunsa ku ƙwanƙwasa ƙofar mutumin nan da rana tsaka. Kada ki zage shi. Ki gaishe shi da harshensu, ki ce tsohuwar da ya kora ta ji sakamako har ƙauyensu, tana yi masa jaje. Ki dubi fuskarsa da kyau, don ina son ki ba ni labarinta dalla-dalla.

Ki gaida Bahauddeen, ki shafa mini kan Sadiƙa da Ikrima. Falalu da Barira da ƙanwarki Ummi suna gaishe ku. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki,
Laure.