Katantanwar da ke Kusurwa

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yau Talata. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Tari ya ragu, sai gwiwar hagu da ta ƙi jin maganin likita, da rawar hannun nan da za ki gani a rubutuna. Gwaggonki ta bugo waya shekaranjiya don ta duba ni, ta yi ta ba ni labarin ciwon bayanta har na manta da nawa.

Akwatin gilashin kiwon kifin da kika sa aka kawo mini yana falo, a gurbin keken ɗinkin mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta. Mai shagon kifi ne ya zo ya haɗa shi. Ya ce irin waɗannan kifaye ba sa son tsakuwa, sai yashi mai laushi da aka wanke har ruwansa ya fita fes, kuma a zuba musu katantanwa fiye da yawansu, domin a cikinta suke kwana, a cikinta suke haihuwa. Ya kunna injin tace ruwa da na ɗumama shi, ya ce kada a sa kifi sai ruwan ya yi makonni ya nuna. Haka na zauna ina kallon ruwa zalla. Matar da ke zuwa yi mini shara ta shaida wa maƙwabta wai Baba ya fara kiwon ruwa, Allah Ya sa ya hayayyafa.

Da kifayen suka iso, ko tsawon ƙaramin yatsana ba su kai ba. Ni kuwa, kin san hali, na jera musu katantanwa layi-layi kamar kujerun ajinmu na da. Gari na wayewa na tarar sun rushe komai. Kowanne sai ya cika baki da yashi ya je ya tofar a ƙofar maƙwabcinsa, ya binne wata katantanwar, ya juya wata. Na sa hannu na gyara, suka sake rushewa, na sake gyarawa. Da na kai ƙara wurin mai shagon, dariya ya yi, ya ce in tsame hannuna, abin da nake kira gyara girgizar ƙasa ce a wurinsu. Na ga gaskiyarsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat. Akwai wata 'yar mace, ita ce ƙarama a cikinsu. Ta zaɓi katantanwar da ke kusurwa, ta binne ta sai baki kawai ta bari. Tun ƙarshen mako ta shige, ban sake ganinta ba, ko na zuba abinci ba ta leƙowa. Mai shagon ya ce mini ta waya ɗayan biyu ne: ko ta yi ƙwai tana fifita su a ciki, ko kuwa ta mutu a can. In ta mutu aka bar ta, ruwan zai lalace ya tafi da sauran, tunda akwatin ba babba ba ne. In kuma ƙwai ne na ɗaga katantanwar, na yi mata ɓarna. Ya ce mai ido zai iya haska bakin da tocila ya ga ko wutsiya na motsi, amma shi ya yi tafiya saro kaya. Na gwada, Auta. Tocila na rawa, ido na hazo, inuwata kawai nake gani a gilashi. Na kira yayanki, ya ce yau in ya tashi daga aiki zai biyo. Tun safe nake safa da marwa tsakanin kujera da akwati da taga. In na zauna sai in ji kamar ruwan ya fara wari, in tashi in sunsuna, in ji ba komai, in koma, in sake tashi. Shayina ya huce a kofi ban sha ba. Kada ki kira shi ki yi masa faɗa, aiki ya yi masa yawa.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Mai Tabarau, ki ce masa kakansa na tambayar karatu, da 'yar rigimar nan mai giɓi. Ki gaida surukarki da jiki. Allah Ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinki.

Ƙari: na buɗe takardar don in sa wannan. Da la'asar ta yi sanyi na kasa daurewa, na naɗe hannun riga na tsoma hannu zan ɗauko katantanwar, abin da zai faru ya faru. Kafin yatsana ya kai, namijin da ke shawagi a wajen ya taso ya cije ni, ya koma, ya sake dawowa, shi da bai kai loma ɗaya ba. Na janye hannu. Ban sani ba ko daidai na yi, amma na ce a raina ba a yin gadin gidan da babu kowa a ciki. Na bar ta zuwa gobe. Mai kantin da ke ƙasan gidanmu ya ja ƙofarsa, na mayar da kofi na biyu da na ajiye wa yayanki cikin kabad. Yayanki bai zo ba.