Na Wanke Duwatsun Malama

Kaka,

Ina gaisuwa, ya ƙafar? Na fara aikin shara a ofishin masu binciken dutse, amma ina jin ba zan kai wata ba.

Akwai duwatsu goma sha biyu a kan teburin Malama, shugabarmu. Wai da can narkakku ne, suka kutso daga ƙarƙashin ƙasa, suka sandare a tsakanin wasu duwatsun. Shekarunsu take nema, wai sun fi miliyan dubu. Ni dai na ga sun yi dauɗa, na sa soso da sabulu na dirje su tas. Ashe baƙin da na goge lamba ce, ita ke nuna inda aka ciro kowanne. Aikin shekara uku, Kaka! Malama ba ta yi faɗa ba, zama kawai ta yi ta dafe kai. Da ma dukana ta yi.

Ki sa ni a addu'a.
Jikarki

Ƙawata,

Ƙafa da sauƙi. Ke da sai an bi ki da gudu kike wanke kwanon da kika ci abinci, yau har dutse kike wa wanka?

Share hawayenki. Wa ya kai ki ido a gidan nan? Tsakuwa ba ta taɓa tsere miki a tsintar shinkafa ba. Je ki zauna ki dube su da kyau. Kuma ki tambayo min, wa ya halarci sunan dutsen da har aka san shekarunsa?

Allah ya yi miki albarka.
Kakarki

Kaka,

Ba a kore ni ba! Na roƙi hotunansu na dā, na wuni ina haɗa kowane dutse da hotonsa mai lamba. Wasu ƙwayarsu manya, Malama ta ce na tsakiyar narkakken dutsen ne, a hankali suka huce. Masu ƙanana na gefe ne. Na gane sha ɗaya. Yanzu ta ɗora ni a kan madubin ƙara girma, ina tsinto mata wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli a cikin niƙaƙƙen dutse, wai a cikinsu ake auna shekarun. Ki ji fa, tsakuwar ake ajiyewa!

Na sha biyun ya gagare ni, ta ce in riƙe. Ga shi nan, ki riƙa goge kaushi.

Jikarki

Ƙawata,

Dutse ya iso. Na ba shi tabarma ya zauna. Ba na goge ƙafa da wanda ya girme ni.

Kakarki