Turaren da Surukata Ta Gane Ni da Shi

Litinin, 3 ga Maris

Abokiyar aikina ta ba ni turaren nan da kowa ke yayi, mai kwalba ruwan hoda. Wai da furen yasmin da na lemo aka haɗa shi. Ni dai alewa nake ji. Na fesa kaɗan don kada ta ji haushi.

Laraba, 5 ga Maris

An yi wa surukata aikin ido, duka biyun an naɗe. Shekara tara tsakanina da ita gaisuwa ce kawai. Na je don maigida ya roƙe ni.

Na tarar tana fizge-fizge, ta hana ma'aikaciyar jinya taɓa ta. Ina matsowa ta tsaya cak.

"Wace ce mai ƙamshin fure?"

Na ce ni ce, matar ɗanki. Ta lalubo hannuna ta damƙe.

Alhamis, 6 ga Maris

Da sauri na fita, ban fesa ba. Ta ce, "Ba ke ba ce." Sai da na yi ta magana kafin ta yarda ni ce. Tsoro ashe, ba faɗa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Yanzu tun daga ƙofa take cewa, "Ga 'yata nan." Ta ce a tsakar gidan da ta girma akwai wata bishiya mai wannan ƙamshin, kuma mahaifiyarta a ƙarƙashinta take yi mata kitso. Ban taɓa tunanin ta taɓa zama yarinya ba, Allah ya yafe mini.

Talata, 11 ga Maris

Gobe za a kwance mata idanun. Likita bai yi alkawarin komai ba.

Laraba, 12 ga Maris

Alhamdulillahi! Na daman yana gani, na hagun sai a hankali. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Kin rame. Ba ya ba ki abinci ne?" Maigida ya rasa inda zai sa kansa. Na yi dariya har da hawaye. Na kira abokiyar aikina na yi mata godiya, ta kasa gane ta mece ce.

Lahadi, 16 ga Maris

An sallame ta. Maigida ya ce in huta, ƙanwarsa ta karɓi jinyar.

Na dai biya da yamma, don ƙanwar tasa ba ta iya ɗiga magani ba. Shi ne kawai dalili. Inna, surukar tawa, ta ce in zauna ta gyara mini kitsona, wai ya tsufa. Hannunta da zafi, amma na zauna har ta gama.