Kwalabe Uku a Kan Taga

Litinin, 1 ga Satumba
Yau shekara arba'in da ɗaya cif da ruwan da ya tafi da tsohuwar gada. Mai musu ya zo. Ban yi makaranta ba, rubutun ma a jikin katako na koya, amma duk unguwar nan ni ake tambaya shekarar haihuwa da iyakar fili.
Auta ta aiko da ƙwayoyin ƙarin ƙarfi, wai na ƙashi. Kwalba uku ke nan a taga, da ta babban ɗana da ta ƙanensa. Kowa ya ce ɗaya kullum. Bibbiyu nake sha. Kafintan da ya tsufa yana jan zarto, ƙwaya ɗaya me za ta yi masa?

Alhamis, 4 ga Satumba
Tsohuwa, matata, ta ce, "Malam, ka zama kantin magani." Na ce, "Ta wa zan bari, a ce na fi son wani?" Na gyara wa maƙwabci kujera. Alhamdulillahi.

Lahadi, 7 ga Satumba
Ƙishirwa ba iyaka, fitsari haka, ciki ya ɗaure. Zafi ne kawai.

Laraba, 10 ga Satumba
Tela ya zo tambayar shekarar da mahaifinsa ya haƙa rijiyarsu. Na buɗe baki, wayam. Ni! Na ce masa ina da uzuri. Ƙarya na yi.

Juma'a, 12 ga Satumba
Na kira tsohuwa da sunan marigayiya ƙanwata. Ta zuba kwalaben a leda, ta tasa ni gaba sai asibiti. An ɗebi jini.

Talata, 16 ga Satumba
Likitar sa'ar auta ce. Ta jera kwalaben a tebur. "Baba, duka ukun abu ɗaya ne, kuma shida kake sha a madadin ɗaya. Ya taru a jini, ƙoda na wahala. Shi ne ƙishirwar, shi ne mantuwar."
Na ce, "'Yata, ai ba magani ba ne, abinci ne."
Ta ce, "Gishiri ma abinci ne, Baba."
Yarinya da baki. Wai in daina duka, in yi ta shan ruwa, in koma gwaji.

Asabar, 27 ga Satumba
Ina goge katako sai ga shekarar rijiyar nan garau: shekarar da aka jawo mana lantarki ce! Na taka har shagon tela na faɗa masa. Ya ce, "Baba, an ce likita ta ƙwace ƙwayoyinka." Na ce ni na ga dama na huta.
Na san inda tsohuwa ta ɓoye su, bayan buhun gawayi. Ban taɓa ba.
Gobe da safe zan sa ta kira min yaran ɗaya bayan ɗaya. Kada wanda ya sake aiko kwalba. Mai son ya ga ƙarfina ya zo da ƙafarsa. Da auta zan fara, ita ce mai saurin kuka.