Kada su mayar da ni taure

Malam, don girman Allah ka taimake ni, shekarata saba'in da biyu ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Ban yi boko ba. Maƙwabcina tela ke rubuta mini, na rantsar da shi ko matarsa ba za ta ji ba.

Fitsari ne ya gagare ni. Da farko sai in tsaya a banɗaki ina nishi, yana ɗiga kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa. Na sha saiwa, na sha jiƙo. Ran nan ya tsaya cak, marata ta kumbura kamar tulu. Babban ɗana ya kinkime ni zuwa asibiti, aka zura mini roba, yau kwana tara ina yawo da jakar fitsari a ƙarƙashin riga. Likitan, wanda na haifi sa'ansa, ya sa mini yatsa inda ba na iya faɗa. Sannan ya juya ga ɗana suna ta Turanci a kaina, kamar masu cinikin bijimi. A hanya ɗan nan ya ce wai wani abu ne ya kumbura a ƙarƙashin mafitsara, za a yi aiki a cire ranar Talata.

Malam, ni mahauci ne. Shekara arba'in ina fiɗa. Na san mafitsara, na san ƙoda, ban taɓa ganin wannan abin nasu ba. Abu ɗaya na san ana cirewa a wajen, kuma da hannuna na cire wa bunsuraye ba adadi. Na san yadda taure yake komawa. Ɓoye mini suke yi. Uwar 'ya'yan ma da ita a ciki, ita ta kai wa 'yarmu labari har surukina ya zo yana sunkuyar da kai. Ƙanena kuwa tuni ya hau teburina a kasuwa, ko sannu.

Ba na iya cin abinci. Na yanke shawarar in zare robar nan da kaina, in ƙi zuwa. Tela ya ce in tambaye ka tukuna.

Tsohon Mahauci

Baba, sannu da jiki. Kafin komai: kada ka taɓa robar nan. Bakinta na ciki yana da 'yar jaka da aka cika da ruwa don ta riƙe ta a mafitsara. In ka fizge za ka yaga hanyar fitsari, in kuma fitsarin ya sake tsayawa, ƙoda ce za ta ji jiki.

Abin da ɗanka ya faɗa akwai shi. Sunansa furostet, kowane namiji yana da shi. Girmansa kamar ƙaramin goro, ya kewaye hanyar fitsari kamar zobe, aikinsa haɗa wani ɓangare na ruwan maniyyi. A dabba yana maƙale cikin nama da kitse, ba abin da ake warewa a tebur ba ne, shi ya sa wuƙarka ta wuce shi. In shekaru sun ja yakan girma ya shaƙe hanya. Maraina kuwa suna waje, su ke yin ƙwayar haihuwa da sinadarin mazantaka, kuma aikin buɗe hanya ba ya taɓa su. Sau da yawa ma ta hanyar fitsarin ake bi a kankare abin da ya toshe.

Ba zan rufe ka ba: bayan aikin maniyyi kan koma cikin mafitsara maimakon ya fito, wasu kuma ƙarfinsu kan ragu. Waɗannan likita za ka tambaya.

Kana da gaskiya, bai kamata a yi magana a kanka kana zaune ba. Amma ɗan da ya ɗauke ka a kafaɗa ba maƙiyinka ba ne, ina jin kunya ce ta ɗaure masa harshe. Ka koma kafin Talata, ka ce a yi maka bayani da harshen da kake ji, a zana maka a takarda. Ka tambaya kai tsaye: me za a cire, me za a bari? Ba a aiki sai da yardarka, kada ka dangwala yatsa sai ka gamsu. Mai tambaya ba ya ɓata.

Ka ci abinci, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa a yi a sa'a.