Mama, Maganin da Kika Raba

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina hutawa a wurinsa. Mu nan Samaru sai godiya.

Mama, har yau ina jin haushinki kaɗan, gara in faɗa miki.

Kin tuna shekarar da wayar hannu ta fara shiga Zariya, lokacin da taifod ya huda miki hanji? Aka yi miki tiyata, aka wanke cikin, aka sa roba tana fitar da mugunya. Likita ya ce ƙwayoyin cutar hanji iri-iri ne, magani ɗaya ba ya gamawa da su, sai an haɗa biyu. Aka fara ba ki su ta jijiya. Da kika iya shan kunu aka mayar da su na haɗiya, aka sallame mu da gargaɗin ki shanye su tas, ko kin ji garau.

Ɗaya daga cikinsu ɗaci gare shi, yana bar miki ɗanɗanon ƙarfe a baki. Shi kika fi yarda da shi. Cewa kike magani in babu ɗaci, alawa ce.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Ke kuwa tunda nake ban taɓa ganin baƙo ya bar ɗakinki hannu rabbana ba. Maman Ngozi, mai kifi kusa da rumfarki a kasuwar Sabon Gari, ta yi kukan ciwon ciki, kika ƙulle mata sauran maganinki mai ɗacin a bakin zane, kamar goro. Mu ba mu sani ba sai da zazzaɓi ya dawo miki, ciki ya kumbura. Aka koma asibiti, aka canza allurai masu ƙarfi, amma jikinki ya riga ya gaji.

Na daɗe ina juya abin. Kyautar da ta sa kowa ke son ki, ita ta raba mu. Ina kewarki ƙwarai.

Maman Ngozi ta tsufa. Duk Kirsimeti tana kawo mini kifi, tana ba jikokinki labarin yadda maganinki ya warkar da ita. Ban gaya mata ba, Mama, kuma ba zan gaya mata ba.

Allah ya ba ki hutu, ya sada mu inda babu ciwo.

'Yarki,
Ladi